Gidana Ne, Amma Ka Zauna

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, ba a rataye nama a layin mahautan kasuwarmu ba sai bayan azahar. Wanda ya san Garwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mahauci ko zazzaɓi yake yi sai ya lallaɓa ya je ya duba teburinsa. Ran nan kuwa duk suka rufe, suka zo cikin manyan riguna, har na kasa gane waɗansunsu don ban saba ganinsu fes haka ba. Fulanin da yake sayen shanu a hannunsu suka zo daga Pitowa, suka jingine sandunansu a bakin zaure. 'Ya'yansa mata biyu suka iso, ɗaya daga Marwa, ɗaya daga Kuseri. Cikin gida ya cika maƙil, har mata suka zagayo ta lungu suka shigo sashena, suka zazzauna a gindin mangwaro.

Kowa da abin da ya tuna. Wata ta ce shekara ashirin tana sayen nama a wurinsa, bai taɓa cusa mata ƙashi a ƙarƙashin tsoka ba. Wata ta ce shi ya shiga tsakaninta da mijinta lokacin da igiyar aurensu ta kusa tsinkewa. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ba ta iya haɗiye magana ko a gidan mutuwa, ta share hawaye ta ce, "Allah ya jiƙansa. Hannunsa a buɗe yake, amma bakinsa akwai rowa." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a zaman makoki a kuma ji kunya. Ni ban yi ba. Maganar ta taɓa ni a inda matar ba ta sani ba, domin shekara tara ina riƙe da mutumin nan a zuciya saboda wannan rowar bakin.

Ni matar ƙaramin ɗansa ce. Ba zan rubuta sunansa ba. Ban taɓa furta shi yana raye ba, ba kuwa yau zan fara ba. Baba nake ce masa, shi kuma 'yar Ngawundere yake ce mini, ko da yake na fi shekara ashirin a gidansa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne akwai godiyar da ban yi masa ba, yanzu kuma babu inda zan kai ta.

Bari in fara da rowar bakin. Kowa ya san yadda muke. Baƙo ya yi sallama, ka ce masa shigo mana, ai gidanka ne. Wani ya yaba hularka, ka ce ai taka ce. Mai faɗa ba ya nufin haka, mai ji ma ba ya ɗauka da gaske, daɗin baki ne kawai na zaman tare. To, Baba ba ya faɗa. In baƙo ya zo, da kansa zai tashi ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa a kawo ruwan sanyi, a ɗora shayi, ya aika kasuwa a gaso masa inda ya fi laushi a jikin sa. Sai baƙo ya gyara zama ya fara godiya, sa'an nan Baba ya ce, "Gidana ne, amma ka zauna."

Wanda bai san shi ba sai ya rasa abin yi, ko ya zauna ko ya tashi. Waɗanda suka san shi kuwa abin ya zame musu abin tsokana. Yana da wani amini Bafulatani, dillalin shanu, sun fi shekara arba'in tare. Duk ranar da ya shigo, kafin ya tuɓe takalmi zai gaishe shi da Fulatanci ya ce, "Jam na, mai fawa. Yau ma ba a ba ni gidan ba?" Baba ya ce yau ma dai, gobe ya sake gwadawa. Haka suke yi har suka tsufa, ba wanda ya gaji.

Mijina ya taɓa ba ni labarin wani barho na Baba, wuƙar fawa da ya yi shekaru yana wasawa har ta zama siririya. Wata rana wani mahauci maƙwabcin teburinsa ya yaba ta. Baba ya juya ƙotar ya miƙa masa, ya ce in yana so ya ɗauka yanzu ya sa a jakarsa ya tafi da ita, in kuwa ya bar ta a kan teburin to ta mai teburin ce, kada wata rana ya je ya ce wa yara an taɓa ba shi. Mutumin ya ji kunya ya ce shi wasa yake yi. Baba ya ce ya sani, shi ya sa ma ya faɗa.

Duk da haka shi ake kira rabon watanda. In Sallah ta matso mutanen unguwa suka haɗu suka sayi sa, ba wanda suke yarda ya kasa musu naman sai shi. Yana da wata al'ada da ke ba mutane haushi. Ba ya sa wuƙa sai an lissafa masa kowa, kuma kashin farko na wanda ba ya wurin ne, mai jinya ko wanda ya yi tafiya. In an yi ƙorafi ya ce ai ku kuna nan, kuna da baki, shi kuwa ba shi da mai yi masa magana. Na sha jin wannan a bakinsa ta bayan katanga, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana ni ce zan zama wadda ba ta wurin ba.

Mijina direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngawundere ya yi arewa da su. A can ya gan ni, a can kuma ajali ya same shi, a gangaren dutsen nan da ke bayan gari, ranar da birki ya ƙi. Ya bar ni da 'yan mata biyu, babbar tana shekara goma sha ɗaya, ƙaramar tana bakwai. Mahaifina ya riga ya rasu, gidanmu na Ngawundere yana hannun ƙanena da iyalinsa, ɗaki biyu ne da rumfa. Saboda haka duk tsawon takabata tambaya ɗaya ce take cina: in na fita, a ina zan zauna da yaran nan?

Wan mijina, wanda nake kira Yaya, mutum ne mai sanyin baki, har yau ba zan ce mugu ne ba. Ranar da na fita takaba ya tsaya a ƙofar ɗakina, idonsa ya yi ja, ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. Gidan nan naki ne har abada." Na yi kuka, na yi ta sa masa albarka. Daga nan na kasa kunne in ji irin wannan daga bakin Baba. Ban ji ba. Abin da ya yi kawai, ya aiko ƙanwarsa, wadda duk gidan muke kira Goggo, ta tambaye ni ko ina da niyyar komawa gida ko zan zauna in riƙe yara. Na ce zan zauna. Ta kai masa, ta dawo ta ce ya ce to.

Wata biyu bayan wannan "to" ɗin, da safe, mota ta sauke bulo da yashi a ƙofar gida. Magini ya shigo ya ja igiya ta ratsa tsakar gida, ta bar ɗakuna uku da madafi da bishiyar mangwaro a gefena, sauran gidan duka a ɗaya gefen. Cikin mako guda katanga ta tashi har ta fi tsayina. Suka fasa mini sabuwar ƙofa ta lungu, aka ja mini famfo na daban. Tsakar gidan da yarana suka koyi tafiya a cikinta, yanzu sai sun fita waje sun zagaya kafin su je gaida kakansu.

Na ji kamar an mare ni a gaban mutane. Ga yadda na lissafa abin a kaina: mijina ɗa ne kamar yadda Yaya yake ɗa, ranar da Baba ya kwanta dama yarana za su tsaya a gurbin ubansu su ɗauki rabonsa a cikin dukan gida da shanu. Ashe, na ce, tsoho ya yi dabara, ya yanko mana ɗan gefe don ya toshe mana baki tun da wuri. Matan da ke zuwa gaishe ni ba su taimaka ba. Kowace ta dubi katangar ta girgiza kai ta ce ikon Allah, tun ƙasar kabari ba ta bushe ba an ware ki.

Ya aiko Goggo da makullin sabuwar ƙofar. Na mayar, na ce a gaya masa ni ba 'yar haya ba ce. Ya sake aikowa. Wannan karon na sa makullin a kwano na rufe da faifai, na ba Goggo ta kai masa kamar tuwo. Ina da zafi a lokacin, har yanzu ma ban gama hucewa ba.

Karo na uku da kansa ya zo, bayan la'asar, tare da limamin unguwa da amininsa Bafulatani. Ku sani, tun da aka kawo ni gidan ban taɓa tsayawa gaba da gaba da shi ba. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Ran nan ya tsaya a lungu, a wajen ƙofa, ya ɗaga murya.

"'Yar Ngawundere, fito ki karɓa da hannunki."

Na ce daga ciki, "Baba, a ajiye nan bakin ƙofa."

"Ba a ajiyewa. Hannu nake so, mutanen nan kuma su gani."

Na ja mayafi na rufe fuska na fito, na miƙa hannu, ya sa mini makullin a tafi. Sa'an nan ya faɗa a gabansu, dalla-dalla kamar yana kasa watanda, cewa ɗakuna biyu da filinsu ya ba jikokinsa biyu kyauta, ɗakin da nake ciki da mangwaron kuma nawa ne ni kaina, daga yau ya cire hannunsa, ba shi ba wurin. Liman ya ce ya shaida, Bafulatani ya ce ya shaida. Ana jiran in yi godiya. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Da ɗanka yana raye da ba a yi mana katanga ba."

Can ya ce, "Gaskiya ne. Da yana raye da ba a yi ba." Ya juya ya tafi. Ni a lokacin na ɗauka ya amsa laifinsa ne.

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka kai ni ofishin noter, mai rubuta takardun mallaka, aka karanta wani dogon abu da Faransanci, wani ya juya mini shi da Fulatanci, ni kuwa ba na ko saurare, na sa hannu don a rabu da ni. Bayan haka ya yi kusan shekara biyu yana hawa bayan babur yana zarya ofishin filaye, tsoho da shi, cikin zafin nan na Garwa, sai da aka fitar wa sashena takardarsa ta daban. Na ji Yaya yana mita cewa an sayar da bijimai biyu a kan takarda. Ranar da ta fito Baba ya aiko mini da ita a cikin leda. Na jefa ta ƙasan akwati, na danne da zannuwa.

Haka muka zauna. Ban taɓa fasa gaishe shi ba, ban taɓa fasa aika masa kunu ba, amma shi da ni mun san gaisuwar ba ta da ɗumi. Kowace Juma'a nama yana zuwa gidana, tsoka zalla da ɗan ɓargo saboda ƙaramar tana so. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mangwaron. Shi ya dasa shi da hannunsa tun kafin a haifi mijina, a gindinsa yake hutawa in ya dawo kasuwa. Da aka ja igiya bishiyar ta faɗo gefena, yana gani bai ce a karkata ba. In zafi ya yi tsanani sai ya zagayo ta lungu da buzunsa a hammata, ya yi sallama, ya tsaya. Ba ya shigowa sai na ce ya shigo. Sa'an nan ya ce, "A ba ni aron inuwa." Ko mangwaro ya faɗo a gabansa ba ya ɗauka sai ɗaya daga cikin yaran ta miƙa masa. Ni kuwa ina ɗaka ina cewa a raina, dubi tsohon nan, ya kore mu kuma yana yi mana ba'a.

Akwai wata al'ada tasa da ba wanda yake so a gidan. Kowace shekara bayan ƙaramar Sallah sai ya kira liman su shiga zaure, a fito da wasiyyarsa a karanta masa, ya ce a goge nan, a ƙara can, a kuma kai wa noter ya gyara tasa. Yaya ya tsani wannan rana. Yakan ce Baba yana kiran mutuwa da bakinsa. Baba yakan ce shekarunsa nawa yana yanka shanu, bai taɓa ganin wanda ya tsira don ya ƙi kallon wuƙa ba, kuma shi ba ya son ya tafi ya bar 'ya'yansa suna gardama a kan abin da ya ce alhali ba a iya tambayarsa.

Ciwonsa na ƙarshe bai daɗe ba. Kwana uku kafin ya cika na kai masa kunu da hantsi, na durƙusa a bakin ƙofa. Ya buɗe ido ya ce, "Takardar nan tana nan?" Na ce tana nan. Ya ce, "Kada gara ta ci." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Na fito ina jin haushi, Allah ya yafe mini. Na ce mutum yana bakin kabari amma ko kalma ɗaya mai daɗi ba zai iya ba.

Ranar sadakar bakwai, da mutane suka ragu, Goggo ta zo ta zauna a gindin mangwaron tana kallon katanga. Ba tare da na tambaye ta ba ta fara ba ni labarin mahaifinsu, wanda ya zo ƙasar nan da fataucin shanu daga wajen Kano. Ta ce ba a taɓa yin mai daɗin baki irinsa ba. Duk wanda ya shigo, gidanka ne. Duk ɗan da ya faranta masa, shagon nan naka ne. Da ya rasu, mutum huɗu suka tashi a kan ɗaki ɗaya, kowa yana rantsuwa an ba shi, kuma ba wanda yake ƙarya a cikinsu. Aka yi ta shari'a har gidan ya salwanta. Akwai matar wansu, wadda mijinta ya riga uban rasuwa, da 'ya'yanta uku. Ita ma an ce mata naki ne. Ba ta sami ko tabarma ba. Baba ne, yana saurayi a lokacin, ya ɗora mata kayanta a mota zuwa Kuseri, daga nan ba su sake jin ɗuriyarta ba. Goggo ta ce shi ya sa da aka nemi auren 'yarsa daga Kuseri bai yi musu ba, yana ganin ko Allah zai sa a ci karo da zuriyar matar. Ta ce tun ranar motar nan ba ta sake jin kalmar a bakinsa ba.

Na ji labarin, ya taɓa ni, amma ban gane da ni ake ba. Har lokacin ina nan a kan lissafina na cewa yarana suna da rabon ubansu.

Bayan kwana kaɗan Yaya ya zo. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. 'Yan'uwansa mata suna nesa, kowace tana son nata a hannu, shi ma yana da yara tara, gidan ba ya rabuwa sai an sayar. An ma sami mai saye, wani da zai gina shaguna, amma yana son filin duka har zuwa kusurwar lungu, wato har da inda nake. Ya ce kada in damu, za su nema mini haya mai kyau. Na ce, "Yaya, ba kai ka ce mini nawa ne har abada ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai kin san maganar lallashi ce."

Bayan arba'in aka zauna rabo a zaure, maza a ciki, mu mata a bakin ƙofa ta cikin gida. Liman ya fara da lissafa magada: ɗa namiji ɗaya, 'ya'ya mata biyu. Ya tsaya. Na jira in ji sunan yarana, ban ji ba. Na manta da kunya na ce daga inda nake, Malam, saura 'ya'yan marigayi. Ya juyo a hankali, ya ce mini a shari'a jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya cin gado muddin akwai ɗa namiji a raye. Ba su da komai, ko taku ɗaya na ƙasa.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Shekara tara ina fushi an rage wa yarana rabo, ashe babu rabon da za a rage. Daga baya wani ya ce mini da a kotun gwamnati ne da wataƙila wata magana ce. Amma wace uwa ce za ta ja dangin 'ya'yanta kotu ta kuma sa rai za su zo ɗaurin aurensu? A zaune a wurin maganarsa ta dawo mini: da yana raye da ba a yi ba.

Sai liman ya buɗe wasiyya. Baba ya fara ne da abin da ba nasa ba. Shanu kaza da ke garken Bafulatani na Goggo ne, kada a taɓa. Sashen da ke bayan katanga ba ya cikin gado, ya fita daga hannunsa tun yana da lafiyarsa. Yaya ya yi gyaran murya ya ce shi a saninsa aro ne Baba ya ba ni. Bafulatani, wanda shi ma yake zaune a wurin, ya ɗago kai.

"Aro? Ina tsaye ya sa mata saabi a hannu," ya ce, yana nufin makulli. "Shekara tara mutumin nan yana roƙon inuwar bishiyar da ya dasa. Ka taɓa ganin mai gida yana sallama a ƙofar gidansa?"

Liman ya ƙara da cewa kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa, shi ya sa aka yi katanga, aka yi ƙofa, aka ce hannu da hannu. Ya ce in kawo takarda. Na je na tono ta daga ƙasan akwati. Gara ba ta ci ba. Yaya ya karanta Faransancin da kansa har ƙarshe, ya daɗe yana kallon hatimin, sa'an nan ya ajiye ya ce, "Baba ya san mu." Bai sake cewa komai a kan sashena ba, kuma ina ganin girmansa a kan haka.

Sauran wasiyyar ba ta da tsawo. Daga cikin sulusin da shari'a ta yarda mutum ya yi wasiyya da shi, ya ware shanun da za a riƙa sayarwa don karatun jikokinsa biyu har su gama. Ya bayyana abin da ya sa ya ba ni ɗaki da sunana ni kaɗai, ya ce wata rana yaran za su yi aure, kuma bai san irin mazajen da za su samu ba. Ya ce barhon nan a kai wa maƙwabcin teburinsa, ya taɓa yabawa. Nan aka yi dariya, har da Yaya. Liman ya juya takardar ya ce saura layi ɗaya, wanda aka ƙara bayan Sallar da ta wuce. Ya karanta: "A gaya wa 'yar Ngawundere ta yafe mini katangar. Ban sami wata hanya ba."

Kukan da ban yi ba ranar jana'iza, ran nan na yi shi. Da na san haka, da ko sau ɗaya na shimfiɗa masa buzun nan da hannuna, da na ce masa Baba na gode. Ya Allah, ka yi masa inuwa ranar da babu wata sai taka, ka ware masa nasa tun kafin ya tambaya.

An sayar da babban gidan, ban da kusurwata. Shagunan sun tashi, a inda zauren Baba yake yanzu ana sayar da kayan babur. Yaya ya koma wata unguwa can bayan gada. Babbar 'yata tana karatun jinya, ƙaramar tana shirin gama lise, wato sakandare. Ni ma bayan ƙaramar Sallah na kira liman, na sa ya rubuta wa zai ɗauki me a cikin 'yan komatsaina, keken ɗinki da tukwane da awaki. Maƙwabciyar nan mai baki ta ce na gaji tsohon, ina kiran mutuwa. Na ce mata ta zo in ara mata liman ɗin.

Makon jiya, ana tsakiyar zafi, na ji sallama a lungu. Na leƙa na ga Yaya tsaye a wajen ƙofa, daidai inda ubansa yake tsayawa, ya rame, furfura ta fito masa. Ya ce ya zo wucewa ne, ya tarar ba abin da ya rage na gidansu da zai iya ganewa sai kan mangwaron nan da ya hango ta saman katanga. Bai nemi shigowa ba, ya dai tsaya yana kallon bishiyar.

Na shiga ɗaka na ɗauko buzun Baba, wanda Goggo ta bar mini, na kakkaɓe shi na shimfiɗa a gindin mangwaro. Na kawo ruwan sanyi. Ya shigo yana ta godiya, yana cewa ba zai daɗe ba.

Na ce, "Gidana ne, Yaya, amma ka zauna."

Ya dube ni, bakinsa ya yi kamar zai yi dariya, sai ya sa hannun riga ya rufe fuska. Ya zauna har aka kira la'asar.